Gwaggo Kubura da Tabar Malam Mai Caji

Gwaggo Kubura ƙanwar mahaifina ce. Da aka kawo ni aure Birnin Kudu sai Allah ya sa gidan mijina yana layi ɗaya da nata, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kanta da idona na gani.

A Kwandiko aka haife ta, gidan manoma. Mahaifina yakan ce tun tana yarinya ba ta iya ganin datti ta wuce. In an dawo daga gona kowa ya yar da fartanyarsa ya nemi inuwa, ita sai ta zauna da tsinke tana kankare ƙasar da ta manne a bakin kowace fartanya. Da ta zama budurwa takan kai man gyaɗa kasuwar Gwaram, kuma a can Malam Salihu direba ya gan ta. Shi da bakinsa yake cewa kwalabenta ne suka fara jan idonsa, don duk layin masu mai babu kwalba mai ƙyallin tata. Ya yi ta sayen man da ba ya buƙata har mahaifiyarsa ta tambaye shi ko soye-soye zai fara.

A tasha ba wanda yake kiransa Salihu. Maikano ake ce masa, saboda shekarun da ya yi yana jigila daga Gwaram zuwa Kano ta Birnin Kudu. Mutum ne mai fara'a, mai son yara, ba ya dawowa gida hannu sake, ko rake ne sai ya riƙo. Aibinsa ɗaya da kowa ya sani, taba. Tun yana saurayi ya koye ta a tasha, ta kuma bi shi har furfura.

Gwaggo ta tsani warin taba kamar me. Amma ban taɓa jin ta ɗaga masa murya a kanta ba. Shi ma bai taɓa kunnawa a cikin gida ba, sai dai a bayan masallaci ko cikin mota. Igiyar shanya biyu ce a gidan, ɗaya ta kayansa, ɗaya ta sauran mutanen gida. In ya shigo ta ji warin ya yi yawa, abin da za ta ce kawai shi ne, "Malam, kawo rigar nan." Sai ya tuɓe ya miƙa mata yana kallon wani gefe.

Haka suka zauna har 'ya'ya suka girma, aka aurar da 'yarsu Fiddausi Kano. Daga nan tari ya kama shi. Da farko an ɗauka mura ce, aka yi ta citta da kanumfari. Da ya kai ga ba ya iya ƙarasa karatun salla sai ya tsaya ya numfasa, Gwaggo ta sa mayafi ta ce yau sai asibiti. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa huhun ya gaji, in bai rabu da taba ba abin zai yi nisa.

Ya gwada, wannan na shaida. Ya koma goro, ya koma alewa, har tsinken sakace ya riƙa taunawa. Mutumin da ba ya faɗa ya zama mai saurin fushi, fasinja ya yi magana kaɗan sai a ji su. Bai jima ba ya koma wa abarsa, yana sha yana jin haushin kansa.

Mijin Fiddausi ne ya sayo masa wani abu a Kano, ita kuma ta kawo. Wani ɗan ƙarfe ne kamar babban biro, kashi biyu. Na ƙasa shi ne batir, da ɗan madanni mai haske a jikinsa da kafar caji. Na sama ɗan gilashi ne da ake zuba wani mai a ciki, a murɗa shi a kan batirin. In an danna aka zuƙa sai tururi ya fito mai ƙamshin na'ana'a. Fiddausi ta ce sunansa sigarin lantarki, amma a gidan tabar Malam mai caji aka riƙa ce masa.

Gwaggo ta karɓa ta jujjuya shi a hannu.

"Taba ce dai," in ji ta. "Wandon ƙarfe aka sa mata."

Da suka koma asibiti ta sa shi ya nuna wa likita. Likitan ya ce shi ba zai kira wannan magani ba, shi ma yana da tasa illar, kuma abin da yake so shi ne Malam ya rabu da duka biyun. Amma in har ya riga ya kama wannan, to kada ya haɗa da waccan, kuma ya riƙa ragewa. Gwaggo ta riƙe wannan maganar fiye da shi.

An ɗan samu sauƙi. Warin ya bar kayansa, tarin ya lafa. Sai wata safiya abin ya ƙi kamawa. Ya danna, hasken ya yi ta ƙiftawa, babu tururi. Ya sa a caji, ya bubbuga a tafin hannu, ya hura, shiru. Ya jefa shi kan katifa ya ce daman kayan zamani ba su da alƙawari, ya fita. Gwaggo ta san inda zai tsaya kafin ya isa tasha, teburin mai taba yana nan a bakin hanya.

Ta yi abin da ta saba yi wa batirin rediyo tun zamanin da. Ta kwance shi ta ɗora a kan kwanon rufin madafa, rana ta gasa shi ya farfaɗo. Da na shigo wajen azahar na same ta tana ƙoƙarin saukowa da shi da bakin zani, ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

"Lailatu, raka ni kasuwa," ta ce da ni. "Akwai mai gyaran wayar nan da ya gyara miki taki."

Abdulnasir sunansa, magidanci ne mai sanyin magana, rumfarsa tana kusa da masu sayar da takalma. Da ya ji an shanya batirin a rana sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Inna, don Allah kada ki ƙara. Wannan ba irin na rediyo ba ne. In ya yi zafi da yawa kumbura yake yi, wani ma ya kama da wuta."

"To me ya kashe shi?"

"Bai mutu ba. Duba nan."

Ya karkata bakin batirin wajen haske. A tsakiya akwai wani ɗan ƙarfe kamar kan ƙusa, kewaye da shi kuma zaren da ake murɗa gilashin a kai. Duk sun yi baƙi, sun yi danƙo. Ya ce man ne yake tsiyaya kaɗan-kaɗan, ƙura ta hau kai, sai ya toshe hanyar wuta. Ya fara kashe abin, ya danna madannin a jere har hasken ya ɗauke. Ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma a sifirit, ya matse, ya bi zaren yana juyawa. Audugar ta fito baƙi ƙirin. Ya sake wata har ta fito fara. Ya ɗauki tsinken sakace ya zaƙulo wani curin zare da ƙura daga kafar caji. Ya bar shi ya sha iska, ya murɗa gilashin a hankali, ya danna. Abin ya yi ɗan huci.

Gwaggo ta matso har mayafinta yana taɓa teburin.

"Ruwa fa? In na wanke da ruwa da sabulu?"

"Gilashin kaɗai, in kin cire shi, kuma sai ya bushe sarai. Batirin ko ɗigo kada ya gani."

Ta yi ta tambaya yana ba ta amsa. Kada a murɗa da ƙarfi, ɗan ƙarfen tsakiya yana nutsewa. Kada a bar shi a caji a tafi, in ya cika a zare. A yi amfani da cajarsa, ba kowace aka samu ba. Kada ya zauna aljihu ɗaya da makullai. In an ga ya fara kumburi ko yana zafi haka kawai, a daina taɓa shi a kawo masa. Ba ta rubuta komai ba, ta maimaita masa duka a tsaye, ya ce haka ne.

Da yamma Malam ya dawo da wari a rigarsa. Ta karɓi rigar kamar kullum, sannan ta miƙa masa abin a kan faranti. Ya danna, ya ga ya kama, ya dube ta.

"Wa ya gyara?"

"Datti ne. Daga yau kafin ka fita ka riƙa ba ni shi."

Daga nan aka samu sabon abu a gidan. Tun aurensu, Malam daga masallacin asuba tasha yake wucewa, a wajen mai shayi yake karyawa. Yanzu dole ya dawo gida ya jira. Gwaggo takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki inda haske yake fara sauka, ta ɗauko wani gwangwanin madara da ta zuba auduga da tsinkaye da 'yar kwalbar sifirit. Ganin yana zaune haka kawai, sai ta fara dama masa koko. Yana sha tana goge-gogenta. Aikin ba shi da tsawo, amma ita ba ta gaggawa, shi ma ya daina yi. A nan yake ba ta labarin hanya, wane ya sayi sabuwar mota, wace gada ruwa ya ci, wace tsohuwa ta shigo da akuya ta ce jikarta ce don kada a sa ta a but ɗin mota tare da kaya. Wata rana na shiga karɓar rariya na ji Gwaggo tana dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ban san tana da ita ba.

Ta ɗinka masa 'yar jaka da ragowar yadin hula, mai igiya, don kada abin ya haɗu da makullai. Direbobi suka sa shi a gaba, wai Maikano ya yi sabuwar laya. Da suka ga nasa ba ya mutuwa, abokinsa Badamasi, wanda shi ma ya sayi irinsa, ya aiko da nasa a goge masa. Gwaggo ta mayar.

"A gaya masa ni ba sana'ar taba na buɗe ba. Ya turo matarsa in nuna mata."

Matar tasa Hapsatu kuwa ta zo, ta koya, ta tafi da guntun auduga.

Abin bai rasa damunta ba. A makarantar Islamiyyar matan aure wata ta faɗa mata a gaban mutane cewa mai gyara kayan shan taba da mai sha duk ɗaya ne. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Gwaggo ta dube ni.

"Ni ma ba son abin nake ba, Lailatu," ta ce. "Duk safiya in na buɗe shi sai na ce Allah ya kawo ranar rabuwa. Amma na ga yadda yake tari a da. In na bar shi ya mutu, na san inda zai koma. Allah ya ga zuciyata."

Da bazara Fiddausi ta haihu, Gwaggo ta tafi Kano zaman jego. Kafin ta tafi ta ajiye masa gwangwanin a kan taga, ta nuna masa komai. Ya ce ta tafi abinta, ai ba wani aiki ba ne. Ni nake kai masa abinci a lokacin, kuma kullum gwangwanin yana inda ta bar shi. Ranar wata kasuwar Gwaram ya manta abin a gaban mota, jikin gilashi, ya tafi cin abinci da salla. Kafin ya dawo rana ta dafa shi, man ya tsinke ya malale ko'ina. Daga ranar bai ƙara kamawa ba. Ban gan shi yana shan taba ba, amma na ji tarin ya dawo ta katanga.

Ranar da Gwaggo ta dawo ina gidan, na share mata ɗaki. Ta shiga, ta ajiye kaya, ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta ɗaga matashin kansa ta shinshina, ta mayar. Ta ci gaba da ba ni labarin jaririya. Da ya shigo ya yi mata sannu da zuwa, ya tambayi mai jego, yana ta magana ba tsayawa. Ta bar shi ya gama.

"Malam, ina abin?"

Ya zaro jakar daga aljihu. Yadin ya jiƙe da mai ya bushe, ya yi tauri. Na tashi zan fita, ta ce in zauna, ai ni 'yar gida ce. Ta fito da batirin, ta mirgina shi a kan faranti tana kallo ko ya kumbura. Ya mirgina sumul. Ta taɓa shi da bayan hannu, ta sa a kunne, sannan ta ɗauko gwangwanin ta ajiye a gabansa.

"Na ji kunya, Kubura," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Kunyar ta isa haka. Riƙe audugar."

Yatsun Malam manya ne, sun saba da sitiyari da sifana. Ya naɗa audugar ta zame. Ya sake, tsinken ya karye. Ya tsoma a sifirit ya ɗago yana ɗiga, ta ce matse. Ta kama hannunsa tana juya masa, kamar mai koya wa yaro rubutu. Ya ce wannan aiki ai sai masu ɗinkin hula. Ta ce mutumin da yake kwance inji a bakin titi ba zai gaya mata haka ba. Da ƙyar aka samu audugar ta fito fara. Da abin ya yi huci sai ya saki ajiyar zuciya, ya laluba ɗaya aljihun ya fito da kwalin taba da saura a ciki, ya ajiye a kan farantin. Ta ɗauka da bakin zani ta kai murhu.

Bayan wannan ya iya gogewa da kansa, amma bai karɓi aikin ba, ita ma ba ta sakar masa ba. Aka koma zaman safe. Damina ta shigo ta wuce, aka yi girbi. Wata rana muna tsince wake sai ta rage murya ta ce da ni, "Kin san Malam ya daina?"

"Ya daina me?"

"Zuƙar abin nan. Tun kafin a yanke gero."

Na ce ai kullum ina ganin jakar a wuyansa.

"Yana ɗauka, amma ba ya sha. Man da na zuba yana nan inda yake. In na sa auduga fara take fitowa. Cajin ma sai ya daɗe bai nema ba."

"To ba ki yi masa magana ba?"

"In yi masa magana in ce me? Shi ya san abin da ya sa yake miƙo mini."

Haka suka ci gaba, yana miƙawa tana gogewa, abu tsaf ana sake tsabtace shi. Sai da Fiddausi ta zo ganin gida da 'yarta, ta fito da sabuwar kwalbar mai da mijinta ya aiko wa Baba. Muna zaune a tsakar gida, Malam yana wasa da jikarsa. Ya miƙa hannu zai karɓa yana godiya, Gwaggo ta riga shi.

"Mayar masa da shi, ki ce an gode. Babanku ya bar sha tuntuni."

Malam ya tsaya da hannu a miƙe.

"Kin sani?"

"Malam, ni nake buɗe shi kullum."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Kai me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara wa jaririyar hula. Can ya ce, "Na ga in na faɗa, shi ke nan, sai a ce in koma wajen mai shayi."

Fiddausi ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe a ciki tana motsa tukwanen da ba komai a cikinsu. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Washegari ta ce ba za a jefa batirin a bola ba, don ana cinna wa bola wuta, yara kuma suna tone-tone. Su biyu suka kai wa Abdulnasir. Ya karɓa, ya liƙe bakinsa da salatif, ya sa a kwalin matattun batiran da yake tarawa ana kwashewa zuwa Kano. Ya yi wa Malam barka, ya ce da duk masu kawo masa gyara suna da irin Inna a gida, da ya koma noma.

Huhun Malam bai koma sabo ba. In sanyi ya shigo yana tari, kuma ba ya iya doguwar tafiya a ƙasa. Ya bar hanyar Kano, sai Gwaram kawai yake zuwa ranar kasuwa, sauran kwanaki wani ne yake jan motar. Mahaifina ya ba su aron wata 'yar gona a Kwandiko, kuma tun da aka ba su ba su daina gardama a kanta ba. Shi riɗi yake so, wai yana da kasuwa. Ita ta ce gyaɗa, don ta gaji da sayen man da ba ta san hannun da ya matse shi ba. Shekaranjiya na shiga gaishe su suka ce in raba gardamar. Na ce ni ban iya noma ba. Malam ya ce to a raba gonar biyu, Gwaggo ta ce ta yarda, amma ɓangaren da ke kusa da rijiya nata ne. Ya ce sai ya yi shawara. Na baro su tana auna masa irin gyaɗar da zai kai, yana riƙe mata bakin buhu.